Daniel O'Connell, Lauyan da Ya Nemi a Mayar wa Ailan Majalisarta

Yamma da Ingila, a ƙetaren wani ɗan teku, akwai tsibirin da a ke kira Ailan. Tun daga 1801 har zuwa 1922 tsibirin nan duka yana haɗe da Ingila da Sikotilan, sarkinsu ɗaya, majalisarsu ɗaya wadda ke zama a Landan. Cikin wannan dogon zamani ba a daina gardama a kan magana guda ba, watau ko al'ummar da aka haɗa da wata bisa doka tana da wata hanya, ta doka kuma, wadda za ta bi ta koma riƙon al'amuranta da kanta. Mutumin da ya ɗauki wannan magana ya kai ta gaban talakawa, ya kai ta majalisa, har ita kuma ta kai shi kurkuku, shi ne Daniel O'Connell. Mun ga ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan ofis su san labarinsa, domin yawancin hujjojin da a ke ji duk inda irin wannan gardama ta tashi an riga an kawo su tun zamaninsa.

An haife shi ran 6 ga Agusta 1775, kusa da wani ƙaramin gari wai shi Cahersiveen, a lardin Kerry, can kudu maso yammacin tsibirin, ƙasar duwatsu da bakin teku. Iyayensa Katolika ne, kamar akasarin mutanen Ailan. A lokacin nan kuwa doka ta danne Katolika ƙwarai: ba su shiga majalisa, ba a ba su alƙalanci ko wani babban muƙami, kuma an daɗe ana hana su sayen ƙasa da buɗe makarantu. Mulki da filaye suna hannun Furotesta 'yan kaɗan. Gidan su O'Connell dai sun tsira da gonakinsu saboda nisan wurin daga idon hukuma, kuma baffansa Maurice ya tara dukiya, wata daga noma, wata daga fasa-ƙwauri tsakaninsa da Faransa. Bisa al'adar wurin, aka ba da jaririn riƙo ga wani makiyayi, saboda haka harshen Ailan na asali ya fara ji kafin Turanci. Baffan nan ba shi da ɗa, sai ya ɗauke shi ya biya kuɗin karatunsa.

A 1791 aka aika da shi makarantun Katolika a arewacin Faransa, ya tarar da ƙasar tana cikin juyin mulki. Ya baro ta a Janairu 1793, watan da aka fille wa Sarkin Faransa kai. Ya yi karatun shari'a a Landan da Dablin, aka karɓe shi lauya a watan Mayu 1798, shekara shida ke nan da halatta wa Katolika wannan aiki. Kwana kaɗan bayan haka tawaye ya ɓarke a Ailan, gwamnati ta murƙushe shi da ƙarfin soja, dubban mutane suka halaka. Abin da ya gani a Faransa da abin da ya gani a gida suka haɗu suka kafa masa ra'ayin da bai sake shi ba har ya mutu, cewa zub da jini ba ya kawo wa talaka 'yanci, sai dai ya ba mai ƙarfi dalilin ƙara danne shi.

A nan sai mu tsaya mu bayyana yadda aka yi haɗin, domin in ba a gane shi ba, ba za a gane sauran labarin ba. Ailan tana da majalisarta a Dablin tun zamanin dā, amma majalisar Landan ke juya ta. A 1782, lokacin da yaƙin Amurka ya raunana Ingila, wani mai fasahar magana wai shi Henry Grattan ya jagoranci neman a sake mata mara, aka sake. A 1783 majalisar Landan ta yi doka da kanta, ta amince cewa ba wanda zai yi wa Ailan doka sai Sarki da majalisar Ailan, kuma wannan hakki ya tabbata har abada. Shekara goma sha bakwai kaɗai wannan har abada ta yi. Bayan tawayen 1798, Firayim Minista William Pitt ya ga tsibirin ya zama ƙofar da Faransa za ta iya shigowa, sai ya ƙudura a haɗe majalisun biyu. A 1799 majalisar Dablin ta ƙi, da rinjayen ƙuri'a kaɗan. Gwamnati ta koma ta yi shiri. Aka raba sarautu da muƙamai, aka biya fam 15,000 ga kowane mai iko da wata mazaɓa da za a soke, jimla ta haura fam miliyan ɗaya da kwata. Da aka sake kawo maganar a 1800 sai ta wuce. Ran 1 ga Janairu 1801 Dokar Haɗewa ta fara aiki, aka ba Ailan kujera 100 cikin 658 a Majalisar Wakilai ta Landan.

Tun a lokacin lauyoyi suka rabu biyu. Waɗansu, irin su William Plunket da William Saurin, suka ce wakili amana aka ba shi ya yi wa mutane doka, ba a ba shi ikon ya ɗauki majalisar kanta ya miƙa wa wata ƙasa ba, kamar yadda wanda aka ba jiran gida ba shi da ikon sayar da gidan. Saboda haka, in ji su, dokar ba ta ɗaure lamirin kowa, sai dai a bi ta don dole. Pitt da mutanensa suka amsa cewa a tsarin Ingila ba abin da ya fi ƙarfin majalisa, kuma in an ce majalisa ba ta da ikon yarda da haɗewa, to haɗin Ingila da Sikotilan na 1707 ma ya ɓaci ke nan, da dukan dokokin da aka yi bayansa. Suka kuma tuna wa mutane abin da ya faru a 1789, sa'ad da Sarki George na Uku ya yi rashin lafiyar hankali, majalisun biyu suka saɓa a kan sharuɗɗan da za a ba ɗansa riƙon sarauta. Suka ce majalisa biyu masu cikakken iko ƙarƙashin rawani ɗaya, ko ba daɗe ko ba jima sai sun ja shi gefe biyu. Wannan hujja ba ta wasa ba ce, kuma a ganinmu O'Connell bai taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Manyan limaman Katolika da yawa sun goyi bayan haɗin, domin an nuna musu cewa da zarar an gama za a buɗe wa mabiyansu ƙofar majalisa. O'Connell bai yarda ba. Jawabinsa na farko a bainar jama'a ya yi shi a Dablin cikin Janairu 1800, yana ɗan shekara 24, ya nuna cewa ya gwammace a maido da tsofaffin dokokin danniya da a rasa majalisar ƙasa. Alkawarin kuwa bai cika ba. Sarki George ya ce rantsuwar da ya yi ranar naɗinsa ta hana shi yarda, Pitt ya ajiye aiki a 1801, Katolika suka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Shekaru ashirin da suka biyo baya ya yi su yana yawon kotuna, har sunansa ya game tsibirin wajen iya yi wa shaida tambaya. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai babbar murya, mai ban dariya, amma kuma mai kaifin baki, kuma hannunsa ba ya riƙe kuɗi, kullum yana cikin bashi. Bakin nan ya jawo masa abin da ya dame shi har tsufa. A 1815 ya yi wa hukumar birnin Dablin baƙar magana, wani daga cikinta wai shi John D'Esterre ya ƙalubalance shi su fita da bindiga, bisa mummunar al'adar manyan Turawa ta lokacin. O'Connell ya harbe shi, ya mutu bayan kwana biyu. Ya yi nadama mai tsanani, ya yi ta biyan 'yar mamacin kuɗin ciyarwa shekara da shekaru, ya kuma daina karɓar irin wannan ƙalubale, ko da ya ke abokan gaba sun yi ta kiransa matsoraci saboda haka.

A 1823 ya kafa ƙungiyar Katolika, a shekara ta biye kuma ya fito da dabarar da ta sāke siyasar ƙasar. Ya ce kowane talaka ya biya kwabo ɗaya a wata ya zama ɗan ƙungiya, ana tarawa a ƙofar coci ran Lahadi. Kwabo ba kome ba ne, amma wanda ya biya ya san yana da rabo a cikin tafiyar, kuɗin kuma ya isa a ɗauki lauya ga wanda aka zalunta, a taimaki manomin da mai ƙasa ya kora don ya ƙi zaɓen wanda aka ce ya zaɓa. A lokacin nan kuwa a fili a ke jefa ƙuri'a, mai ƙasa yana kallo. A 1828 kujerar lardin Clare ta faɗi, O'Connell ya lura cewa doka ba ta hana Bakatolike tsayawa zaɓe ba, rantsuwar shiga majalisa ce kaɗai ba zai iya yi ba, domin ta ƙunshi ƙaryata addininsa. Ya tsaya, ya sami ƙuri'a 2,057, abokin takararsa, wanda minista ne, ya sami 982. Firayim Minista Wellington da Robert Peel, waɗanda dā su ne kan gaba wajen ƙin wannan abu, suka ga in an hana shi kujerarsa ƙasa za ta kama da wuta. A Afrilu 1829 aka yi dokar da ta buɗe wa Katolika majalisa da yawancin muƙamai. Daga nan mutanensa suka sa masa laƙabin Mai 'Yantarwa.

Amma kada mu ɓoye abin da aka biya. A rana guda aka ɗaga sharaɗin mai jefa ƙuri'a a karkara daga ƙasa mai kawo fam 2 a shekara zuwa mai kawo fam 10, masu ƙuri'a suka ragu daga sama da 200,000 zuwa ƙasa da 40,000. Ƙananan manoman da suka sa wuyansu a Clare su ne suka rasa ƙuri'arsu, lauyoyi da attajirai suka sami kujeru.

Da ya shiga majalisa a 1830 sai ya koma kan maganarsa ta fari, watau a soke Dokar Haɗewa. Ya kamata a lura da abin da ya ke nema, domin a nan mutane kan ruɗe. Bai nemi jamhuriya ba, bai nemi a rabu da gidan sarautar Ingila ba, hasali ma ya nuna wa Sarauniya Victoria ƙauna ƙwarai da ta hau a 1837. Abin da ya ke so shi ne sarki ɗaya, majalisa biyu, kamar a 1782, sai dai yanzu da Katolika a ciki. A Afrilu 1834 ya kawo batun gaban Majalisar Wakilai, ya yi awa biyar yana magana. Ya kawo dokar 1783, ya kawo cin hancin 1800, ya kawo maganganun Plunket da Saurin, waɗanda a tsakanin nan duk sun karɓi manyan muƙaman shari'a ƙarƙashin haɗin da suka ce haramtacce ne. Thomas Spring Rice, shi ma ɗan Ailan, ya amsa masa a madadin gwamnati da lissafin ciniki da haraji, don ya nuna tsibirin ya ƙaru da haɗin. Aka jefa ƙuri'a, 523 suka ƙi, 38 suka yarda. A nan matsalar ta fito fili: dokar da majalisa ta yi majalisa ce kaɗai za ta warware ta, wakilan Ailan kuwa ko da duk sun haɗa baki ba su kai kashi ɗaya cikin shida ba.

Sai ya sāke dabara. A 1835 ya ƙulla da jam'iyyar Whig, ya ajiye maganar sokewa, ya ce zai gwada ya ga ko Landan za ta yi wa Ailan adalci daidai da Ingila. An sami 'yan gyare-gyare a kan ushirar da Katolika ke biya wa cocin da ba nasu ba, da kuma zaɓen hukumomin birane, har shi kansa ya zama Magajin Garin Dablin a 1841, Bakatolike na farko tun wajen shekara 150. Amma ya ga ribar ba ta kai ba, kuma Peel yana shirin dawowa mulki, saboda haka tun 1840 ya kafa sabuwar ƙungiya ta neman sokewa.

Shekarar 1843 ita ce ƙololuwar al'amarinsa. A farkonta majalisar birnin Dablin ta yi kwana uku tana muhawara a kan haɗin. Wanda ya tsaya ya kāre shi wani saurayin lauya ne Bafurotesta, Isaac Butt, aka kāda shi da ƙuri'a 41 da 15. Mu riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. Daga nan O'Connell ya shiga kiran manyan taruka a filin Allah, lardi lardi. Wanda aka yi a tudun Tara, mazaunin sarakunan Ailan na dā, ran 15 ga Agusta, ya tara mutane dubu ɗaruruwa, aka watse ba faɗa ba maye. Ya kuma fito da wata hujja ta shari'a, cewa tun da dokar 1800 ba ta da tushe, majalisar Ailan ba ta mutu ba, barci ta ke yi, Sarauniya na iya aika takardun kira ta farkar da ita ba tare da izinin majalisar Landan ba. Lauyoyin gwamnati ba su ɗauki wannan da muhimmanci ba, mu ma muna ganin hujjar dandali ce, ba ta kotu ba, domin sarautar Ingila ba ta aiki sai da shawarar ministocinta.

Tsammaninsa shi ne abin da ya faru a 1829 zai sake faruwa. Ya yi kuskure. A 1829 rabin majalisar Landan ta riga ta yarda da buƙatarsa, a 1843 kuwa jam'iyyun Ingila duka biyu sun haɗa kai a kan haɗin, Peel ma ya faɗa a majalisa cewa ya fi son yaƙin basasa da a yanka daular. Aka shirya taro na ƙarshe a Clontarf, gefen Dablin, ran 8 ga Oktoba. Ana gobe za a yi, da yamma, gwamnati ta hana, ta girke soja da igwa. Mutane sun riga sun kamo hanya daga nesa. O'Connell ya aika da mahaya ko'ina a mai da su gida. Har yau masu tarihi suna saɓani a kan wannan dare. Mu dai muna ganin mutumin da ya yi shekara arba'in yana cewa ba za a zub da jini ba, ba shi da wata hanya sai wadda ya bi. Amma gwamnati ta gane iyakarsa, mabiyansa ma sun gane.

Aka kama shi, aka tuhume shi da haɗa baki don tayar da fitina. Mutum goma sha biyun da aka zaɓa su yanke ko yana da laifi duk Furotesta ne, kuma an tsallake sunaye da dama daga jerin waɗanda suka cancanci zama. A Mayu 1844 aka ɗaure shi shekara ɗaya da tarar fam 2,000. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Manya ta Landan, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. Ran 4 ga Satumba alƙalanta biyar suka rabu, uku da biyu, suka rushe hukuncin. Abin lura a nan shi ne majalisar da ya ke cewa ba ta da hakkin mulkin ƙasarsa ita ce ta fid da shi daga kurkuku, magoya bayan haɗin kuwa ba su bar wannan ya wuce ba tare da sun nuna shi ba.

Ya fito yana ɗan shekara 69, ƙarfinsa ya ragu. A Oktoba 1844 ya nuna ya karkata ga tsarin tarayya, watau ƙaramar majalisa a Dablin don al'amuran cikin gida, Landan ta riƙe yaƙi da harkokin waje, amma da samarin ƙungiyarsa suka yi ca, sai ya janye cikin 'yan makonni. Samarin nan, su Thomas Davis da Charles Gavan Duffy masu jaridar The Nation, suna so a gina ƙasa wadda Katolika da Furotesta za su ce tasu ce, suna kuma ganin tsohon ya jingina da limamai fiye da kima. Akwai gaskiya a ciki. Furotestan arewa maso gabas, wajen Belfast, inda masaƙu ke bunƙasa, suna ganin majalisar Dablin mulkin Katolika ce kawai za ta zama, kuma da ya ziyarci birnin a 1841 sai da aka tsare shi da 'yan sanda. Bai taɓa samun hanyar kwantar musu da hankali ba. Malamai za su so su san kuma cewa ko da ya ke ya iya harshen Ailan sarai, bai damu da ya ga yana ja da baya ba, don yana ganin Turanci ne zai ciyar da mutanensa gaba, abin da na baya suka riƙa zarginsa da shi. A 1846 ya nemi kowane ɗan ƙungiya ya yarda ba za a taɓa ɗaukar makami ba ko ta yaya, samarin suka fice.

Wani abu guda bai taɓa yin ciniki a kansa ba, shi ne bauta. Ya yi ta sukar masu bayi na Amurka da kakkausar murya, ya ce ba ya son kuɗinsu, ko da ya ke hakan ya jawo masa asarar gudummawa daga can. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya saurare shi a Dablin a 1845, suka hau dandali ɗaya.

A wannan shekara ce cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincin talakawan tsibirin. Cikin 'yan shekaru mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtuka, wajen miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura, daga cikin jama'ar da ta haura miliyan 8 a ƙidayar 1841. Ran 8 ga Fabrairu 1847 ya tashi a majalisar Landan karo na ƙarshe, muryar nan da dā ta kan cika fili yanzu da ƙyar na kusa ke ji, ya roƙi wakilai su ceci mutanensa, domin Ailan tana hannunsu. Ya kama hanyar Rum don ziyara, ajali ya cim masa a Genoa ta Italiya ran 15 ga Mayu 1847, yana da shekara 71. Bisa wasiyyarsa aka kai zuciyarsa Rum, gawarsa kuma aka binne ta a maƙabartar Glasnevin a Dablin, wadda shi ne ya yi ƙoƙarin buɗe ta a 1832.

Maganar ba ta bi shi kabari ba. Isaac Butt, wanda ya kāre haɗin a 1843, shi ne a 1870 ya kafa ƙungiyar neman mulkin kai na cikin gida, bisa tsarin tarayyar nan da O'Connell ya taɓa ya saki. Gladstone ya kawo dokarsa a 1886, Majalisar Wakilai ta kāda ta, ya sake kawowa a 1893, Majalisar Manya ta kāda ta. Wadda aka yi a 1914 yaƙin duniya ya sa aka jingine ta. Daga ƙarshe sai da aka yi tawayen 1916 da yaƙin da ya biyo baya, sa'an nan a 1922 larduna 26 suka fita daga haɗin, shida na arewa maso gabas suka zauna a ciki, inda su ke har yanzu. A 1924 aka sa wa babban titin Dablin sunan O'Connell. Ginin tsohuwar majalisar da ya ƙare ransa yana so a sake buɗewa kuwa, tun 1803 aka sayar wa banki, majalisar sabuwar ƙasar ba ta koma cikinsa ba.